HANKALI: RABO NE KO AMANA?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya ba shi ji da gani da hankali, sa'an nan Ya ɗora masa nauyin da bai ɗora wa dabba ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai waɗansu maganganu da suka zauna a bakinmu har ba ma tsayawa mu auna su. Idan yaro ya shekara uku yana wanke allo bai kai Sabbi ba, sai mu ce daƙiƙi ne, haka Allah Ya yi shi. Idan saurayi ya komo daga ci-rani yana surutu shi kaɗai a bakin kasuwa, sai mu ce an yi masa sammu. Idan dattijo ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya karye, sai mu ce iska ce ta buge shi. A kowace ɗaya daga maganganun nan mun zare hannunmu daga lamarin, mun bar shi tsakanin mai lalurar da Ubangijinsa. Tambayar da ya kamata mu duba, mu mutanen Icirnawa da ƙauyukan da ke kewaye, ita ce: shin kaifin hankali rabo ne tsantsa wanda babu hannun mutum a cikinsa, ko kuwa amana ce da za a tambaye mu yadda muka riƙe ta? In kuwa amana ce, wa zai amsa tambaya a kan yaron da aka raunana masa ƙwaƙwalwa tun bai san damansa da hagunsa ba?

MATSAYIN HANKALI A SHARI'A

Malaman Usulu, irin su Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, da Imam Shaɗibi, Bamaliken nan na Andalus da ya rasu a 790, sun yi bayanin cewa Shari'a ta zo ne domin ta kare abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Wanda ya lura zai ga cewa hankali shi ne mai gadin sauran huɗun, domin wanda ya rasa shi ba ya iya tsare sallarsa, balle iyalinsa ko abin hannunsa.

Ba sai mun je nesa ba, littattafan da muke karantawa a zaure sun ishe mu shaida. Ɗalibin Ahalari da Ishmawi ya san cewa gushewar hankali, ta hanyar barci mai nauyi ko suma ko maye ko hauka, tana warware alwala. Ya zo a hadisi cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, watau mai barci, da yaro, da wanda hankalinsa ya taɓu, har sai kowannensu ya fita daga halin da yake ciki. A cikin Risala kuma, Ibnu Abi Zaidi ya kawo cewa wanda ya yi wa ɗan'uwansa raunin da ya gusar masa da hankali zai biya diyya cikakkiya, daidai da diyyar rai, alhali mutumin yana nan yana numfashi, yana ci yana sha. Wannan ya nuna mana farashin hankali a ma'aunin Shari'a. Bahaushe ma ya faɗa a taƙaice: hankali ke gani, ido gululu ne.

Malamai na da sun yi saɓani a kan mazaunin hankali. An ruwaito daga Malikawa da Shafi'awa cewa yana cikin zuciya, daga Hanafawa kuma cewa yana cikin ƙwaƙwalwa, waɗansu suka haɗa zantukan biyu. Wannan saɓani bai hana mu ganin abin da yake a fili ba, cewa duk abin da ya taɓa ƙwaƙwalwa, bugu ne ko zazzaɓi ko ƙwaya, yana taɓa tunani da hadda da natsuwa. Magabatanmu ba su ɗauki kula da jiki a matsayin abin da yake wajen addini ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi a kan maslahohin ɗan Adam na addini da na jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basir da na ciwon ido. Zarnuji, mai Ta'alimul Muta'allim, ya ware fasali guda a kan abin da yake kawo hadda da abin da yake kawo mantuwa.

RABO DA AMANA

Babu musu cewa akwai rabo a cikin sha'anin hankali. Yara biyu za su fito daga ɗaki ɗaya, su ci a akushi ɗaya, ɗaya ya riƙe karatu da ji biyu, ɗayan sai an maimaita masa sau ashirin. Wannan falala ce da Allah Yake ba wanda Ya so, mai kaifi ba shi da abin alfahari a ciki, mai rauni kuma ba shi da laifi.

Amma kasancewar abu kyautar Allah ba ya fitar da shi daga zama amana. Mu tuna da hukuncin ajiya a fiƙihu. Idan aka ba mutum ajiyar buhun hatsi, gobara ta ci shi tare da kayansa ba da sakacinsa ba, ba zai biya ba. Idan kuwa ya bar buhun a waje ruwa ya doke shi, ko ya ɗiba ya yi amfani da shi ba da izini ba, biya ya hau kansa. Asarar ɗaya ce a ido, hukuncin ya bambanta saboda sakaci ko ƙetare iyaka.

Haka malamanmu suka bi da hankali. Wanda ya suma har lokacin salla ya fita, a mazhabar Maliku babu ramuwa a kansa. Wanda ya bugu da abin da Allah Ya haramta kuwa zai rama sallarsa, in ya yi ɓarna za a kama shi da ita, in ya saki matarsa a cikin mayen, bisa zance mafi shahara a mazhaba, sakin ya auku. Dukkansu biyu hankalinsu ya gushe, amma na farko an gusar masa ne, na biyu shi ya gusar da hannunsa.

Daga nan za mu iya kasa raunin hankali kashi uku. Akwai wanda ya sauko daga Allah babu hannun kowa, maganinsa haƙuri da tausayawa. Akwai wanda ya sami yaro saboda abin da manya suka yi ko suka ƙi yi, tambayarsa tana kan manyan. Akwai kuma wanda baligi ya jawo wa kansa, wannan shi zai amsa. Kuskurenmu shi ne mukan tattara duka ukun mu zuba a kashi na farko, domin shi ne wanda ba ya neman kome daga gare mu.

Mai cewa wannan magana ta saɓa wa tawakkali, to, ya tuna da mutumin da ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umurce shi da ya haɗa biyun. Masana lugga sun ce kalmar hankali a Larabci tushenta ɗaya da sunan igiyar da ake dabaibaye raƙumi da ita. Ya tuna kuma da Sayyidina Umar (R.A.) lokacin da ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, da aka tuhume shi da gudun ƙaddara sai ya nuna cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce.

Manoman ƙasarmu sun riga sun fahimci wannan a gonakinsu. Tun daga shekarun 1980 mutanen Matameye da Magarya da Mirya suka riƙa barin tohon gawo a gona, suna sassabe masa suna kare shi daga gatari da bakin awaki, har ƙasar da ta yi fayau ta sake yin duhun itace. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a kudancin Nijar an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 ta wannan hanya. Ruwan sama na Allah ne, iri ma na Allah ne, amma babu wanda ya ce tsare toho rashin tawakkali ne. To, yaya muka gane wannan a kan gawo, muka kasa gane shi a kan 'ya'yanmu?

ABIN DA AKE YI WA YARO KAFIN YA SAN KANSA

Ƙwaƙwalwar baligi ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, watau kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki yake samu. Ba ta da rumbu, abin da jini ya kawo mata a take da shi take aiki. Jariri yana zuwa duniya da kimanin rubu'in girman ƙwaƙwalwar baligi, kafin ya cika shekara 5 ta kai kusan kashi 90 cikin 100. Ashe mafi yawan ginin ana yin sa ne a lokacin da mai ginin ba shi da ta cewa.

Likitoci suna ba da muhimmanci ga kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. A cikin Suratul Baƙara Allah Ya ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa, a cikin ayar nan kuma Ya ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. Sai maigida ya tambayi kansa: in ya tsaya wurin mai tsire ranar kasuwa ya ci ya goge baki, mai ciki ko mai goyo tana gida da farau-farau, ya sauke wannan nauyi? A Nijar fiye da kashi 40 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba saboda daɗewa cikin ƙarancin abinci mai gina jiki, jihar Damagaram kuwa tana cikin inda abin ya fi tsanani. Abin da ya hana ƙashi tsawo yakan taɓa ƙwaƙwalwa ma. Gero kaɗai yana cika ciki, amma yaro yana bukatar wake da gyaɗa da nono da ƙwai da ganye irin su zogale da kuka, waɗanda duk muna da su, sai dai mukan kai kasuwa. Haka nan al'adar zubar da dakashi da cewa ƙazanta ne, da hana yaro ƙwai wai kada ya koyi sata, ba su da tushe a addini, cutarwa ce kawai. Dakashi shi ne rigakafin farko da Allah Ya tanadar wa jariri, nonon uwa kuma ya ishe shi shi kaɗai har wata 6.

Akwai sinadarin aidin da ake sa wa a gishiri. Rashinsa shi ke kawo maƙoƙo ga babba, ga ɗan tayi kuwa yana kawo raunin ƙwaƙwalwa wanda ba ya gyaruwa. Sai a nemi gishirin da aka sa masa aidin, a rufe shi a ajiye inda babu laima da zafin rana, domin sinadarin yana tashi.

Sai zazzaɓin cizon sauro, wanda yake cika ɗakunan likita daga tsakiyar damina zuwa kaka. Idan ya hau kai, yaro yakan yi jijjiga ko ya suma. Binciken da aka yi a Uganda ya nuna cewa kimanin ɗaya cikin huɗu na yaran da suka tashi daga irin wannan zazzaɓi suna zama da rauni a wajen natsuwa ko riƙe abu har bayan shekaru. Tun daga 2013 aka fara raba wa yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafi wata-wata a lokacin damina a ƙasarmu. Maganin na kwana uku ne, ma'aikata su ba da na ranar farko, sauran biyun suna hannun iyaye, a nan ne kuma ake yawan sakaci. Gidan sauron da aka ba mu domin yara, in muka kewaye shukar lambu da shi, mun fifita tumatir a kan ɗa. Yaron da zazzaɓi ya sa shi jijjiga, a yi masa addu'a a kan hanyar zuwa likita, kada a kwana ana turara masa hayaƙi.

Sanƙarau ma ba baƙonmu ba ne, yana zuwa daga hunturu zuwa bazara. A annobar 1996 zuwa 1997 an ƙidaya fiye da mutum 250,000 da suka kamu a ƙasashen Afirka, kimanin 25,000 suka rasu. A ƙarshen 2010 aka fara sabuwar allurar rigakafi a Burkina Faso da Mali da Nijar, ta karya lagon nau'in da ya fi yin ɓarna a da, amma akwai waɗansu nau'o'in. Daga farkon Nuwamba na 2022 zuwa ƙarshen Janairu na 2023 an sami mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, yankin Matameye yana cikin inda cutar ta fi taɓawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira yakan zama da tabo, kamar kurumta ko farfaɗiya ko wahalar karatu. Uban da ya ɓoye ɗansa ranar allura saboda jita-jita, ya san abin da ya ɗauka a wuyansa.

Dalma kuma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro ko da kaɗan ce. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje, da yawa daga waɗanda suka rayu kuma suka nakasa. Mu a nan ba mu da ramin zinariya, amma muna da tsofaffin batura da yara ke fasawa suna wasa da su, muna kuma da kwalli. A 2012 hukumar lafiya ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri da aka sami dalma a jininsa, aka gano cewa kwallin da ake sa masa, wanda aka kai daga Najeriya, fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Kwallin da hadisi ya yaba wani dutse ne sananne, ba duk abin da ake niƙawa a kasuwa da sunan kwalli ba ne shi. Barin sa wa jariri abin da ba a san asalinsa ba ya fi zama tsantseni.

Daga ƙarshe, duka a ka. Manzon Allah (S.A.W.) ya hana dukan fuska. Ranƙwashi da mari da girgiza jariri don ya yi shiru duk suna iya yi wa ƙwaƙwalwa illa. Muna roƙon malaman allo da na boko, kafin su yanke wa yaro hukuncin daƙiƙanci, su bincika ko ya karya kumallo, ko yana ji sosai, ko yana ganin rubutu, ko ya taɓa yin zazzaɓi mai suma. Ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa bulalar da ke sauka a bayan yaro hukunci ne a kan laifin da waninsa ya yi.

ABIN DA BALIGI YAKE YI WA KANSA

Na farko shi ne barci. A cikin Suratun Naba'i Allah Ya lissafa barci da dare a cikin ni'imominSa. Abu Barzata (R.A.) ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya kasance yana ƙin barci kafin Isha'i da hira a bayanta, Nana A'isha (R.A.) kuma ta ruwaito umurni ga mai gyangyaɗi a cikin salla da ya kwanta, domin kada ya nufi neman gafara ya ɓige da zagin kansa. Masana sun tabbatar da cewa a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take daidaita abin da aka koya da rana ta adana shi, baligi yana bukatar awa 7 ko fiye, yaron makaranta kuwa awa 9 zuwa 12. Yanzu dubi halin fadojinmu. Ana ɗora shayi bayan Isha'i, na ɗaya da na biyu da na uku, ga salula a hannu har dare ya raba. Sinadarin da ke cikin shayi da goro yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Asuba ta tafi, karatu ya tafi, haƙuri da iyali ma ya tafi. A 1997 wani bincike a Ostareliya ya nuna cewa wanda ya yi awa 24 bai runtsa ba, saurin idonsa da hannunsa yakan ragu kamar na wanda ya sha giyar da doka ta hana a yi tuƙi da ita. Direban da bai taɓa kurɓar giya ba, amma ya kwana a hanya ya sake ɗibar mutane zuwa Ɗan Barto ko Damagaram, ya duba wannan da kyau, domin rayukan da ya ɗauka amana ce.

Na biyu shi ne ƙwaya. Tramol maganin ciwo ne da likita ke rubutawa da awo na miligiram 50 ko 100, amma wanda ke yawo a hannun 'yan tebur yakan kai 200 ko 225 ko fiye. Yana sa jiki ya saba har ya kasa aiki sai da shi, yawansa kuma yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Saurayi yakan fara shi ne da niyyar noma ko dako ko kabu-kabu, ya ce ai ba giya ba ce, ƙarfi yake nema. Sayyidina Umar (R.A.) ya riga ya rufe wannan ƙofa a kan mumbari, inda ya bayyana cewa giya ita ce duk abin da ya lulluɓe hankali. Sunan abu ko siffarsa ba sa canja hukunci, ƙwaya ce ko sholisho ko wiwi ko ruwan maganin tari. Ƙarfin da ƙwaya take bayarwa bashi ne da ake ci daga gobe, da hankali kuma ake biyansa. Maƙwabtanmu sun ga abin da ya isa: a 2018 Najeriya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, binciken da aka fitar a farkon 2019 kuma ya ƙiyasta masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a can da mutum miliyan 14 da 'yan kai. Mai sayarwa kuma kada ya ce shi ciniki kawai yake yi. Idan Shari'a ta sa diyya cikakkiya a kan wanda ya gusar da hankalin mutum ɗaya da sanda, me yake zato zai tarar gobe, shi da ya gusar da na samarin unguwa a kan 'yar riba?

Na uku shi ne hawan jini. Ba ya sallama, mutum yakan shekara da shekaru da shi bai sani ba, har ranar da jijiya za ta toshe ko ta fashe a ka, ɓarin jiki ya shanye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da baligi ke ci a yini ya kai giram 5, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, alhali dunƙulen ɗanɗanon da ake jefawa a miya yawancinsa gishiri ne. Awon jini ba ya ɗaukar minti biyar. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi. Hadisin da ya raba ciki kashi uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, ya isa jagora a nan. Haka nan taba, da hawa babur babu hular kwano, duk ƙofofi ne da mutum yake buɗe wa kansa.

A 2024 wani kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ya ce suna da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa a duniya. A cikinsu akwai ƙarancin ilimi, da kurumta da raunin gani da ba a yi wa magani ba, da hawan jini, da ciwon sukari, da taba, da bugun kai, da rashin motsa jiki, da kaɗaici. Mu muna zuwa jam'i ne domin umurnin Allah, amma dattijon da yake takawa zuwa masallaci sau biyar, yana gaisawa da jama'a, yana riƙe da tilawarsa, ya sami kariya daga da yawa cikin waɗannan ba tare da ya nema ba.

HUJJAR TALAUCI

Wani zai ce: duk wannan magana ce ta mai ƙoshi, wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin shuka ina zai sami ƙwai da nono? Wannan hujja ce mai nauyi, ba za a ture ta da baki ba. Mun ga yunwar 2005. Mun kuma ji abin da ya faru a watan Oktoba na 2013, lokacin da mutum 92, mafi yawansu mata da yara, da yawa daga nan ƙasar Kance, suka mutu da ƙishirwa a hamada a kan hanyar Aljeriya. Ba marmari ya fitar da su daga gida ba.

Amsa ta farko tana cikin hukuncin ajiya da ya gabata. Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, kamar yadda ƙarshen Baƙara ya nuna. Uwar da ta ba ɗanta iyakar abin da ta samu ba ta yi sakaci ba, kada wani ya ƙara mata ciwo a kan ciwo. Amsa ta biyu ita ce, nauyin da ya faɗi daga kan matalauci ba ya ɓacewa, komawa yake yi kan masu hali da shugabanni. Zakkar hatsi da muke fitarwa da kaka, in da za ta isa gidajen da ke da masu ciki da 'yan yaye a lokacin da hatsi ya yi tsada, da ta gina ƙwaƙwalen da za su riƙe garin nan gobe. Ciyar da almajirin da aka kawo mana karatu ma yana cikin wannan, domin ba a zuba karatu a cikin cikin da yake kuka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amsa ta uku ita ce, da yawa daga abin da muka lissafa ba ya cin ko dala: ba da dakashi, ɗaura gidan sauro, kai yaro allura, kwanciya da wuri, janye hannu daga kan yaro. Talauci uzuri ne a inda ya hana, ba ya zama uzuri a inda bai hana ba.

HAƘƘIN WANDA HANKALINSA YA RAUNANA

Kada wani ya fahimci cewa darajar mutum tana bin kaifin hankalinsa. Wanda aka ɗauke wa alƙalami ba a ɗauke masa mutunci ba. A cikin Suratun Nahli da Suratul Hajji Allah Ya ambaci wanda ake mayarwa ga mafi raunin shekaru har ya manta abin da ya sani, a cikin Isra'i kuma Ya hana ko da nuna ƙosawa ga iyaye idan tsufa ya kama su. Tsohuwar da take fita da dare tana kiran sunayen matattu ciwo ne yake damunta, kiran ta mayya zalunci ne da ƙazafi. Mai taɓin hankali a nema masa magani, a hana yara jifansa, kada a mai da mari da bulala su zama maganinsa. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta miyau ko taɓawa, kuma har kashi 70 cikin 100 na masu ita suna iya daina faɗuwa in sun sami magani suka dawwama a kansa. Ya ishe mu darasi cewa Ibnu Abbas (R.A.) ya nuna wa ɗalibinsa wata mace mai farfaɗiya a matsayin 'yar Aljanna, saboda albishir ɗin da Manzon Allah (S.A.W.) ya yi mata a kan haƙurinta. Shi ma wanda ƙwaya ta kayar, ƙofar tuba a buɗe take gare shi, jan sa a jiki ya fi korar sa.

KAMMALAWA

Amsar tambayarmu ita ce, gwargwadon hankalin da aka ba kowa rabo ne, tsare shi kuwa amana ce. Ba za a tambayi mutum me ya sa bai yi kaifin wane ba, amma za a tambaye shi abin da ya yi da nasa, da na waɗanda aka ba shi kiwo. Muna kira ga limamai da masu wa'azi su sa wannan a cikin huɗubobinsu, musamman a farkon damina da farkon hunturu. Muna kira ga magidanta su duba tukunyar gidansu da makwancin 'ya'yansu, ga samari kuma su tuna cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka take tsada.

Allah Ya kiyaye mana hankulanmu da jinmu da ganinmu muddin muna raye, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shiryi zuriyarmu, Ya sa mu cika da imani. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.